Faɗuwar Daula a Ajin Sinadarai

Shafi na 23

"Ba zan sa hannu ba, Yallaɓai."

Shugaban makarantarmu bai ɗago kai ba. Hannu ɗaya yana latsa waya, ɗayan kuma ya miƙo mini biro kamar mai miƙa wa yaro alawa.

"Ban ji ba."

"Na ce ba zan sa ba."

Masu damuna da saƙo kullum, "Malama, ina labarin takardar dindindin?", to ga shi ku ji. Juma'ar da ta wuce na cika shekara biyu cif a aikin gwaji. Tun ranar da na fara, magana ɗaya ake faɗa mini: malamin gwaji da zarar wa'adinsa ya cika, kai tsaye yake zama na dindindin, ba sai ya roƙi kowa ba. A kan wannan maganar na karɓi aji shida. A kanta na yi gadin jarrabawar mutanen da ba sa zuwa aiki, na share ɗakin gwaje-gwaje da hannuna, na haɗiye maganganun da ko a gidanmu ba a faɗa mini. Shi ya sa da Sakatare ya leƙo ɗakin malamai safiyar Litinin ya ce ana nemana a ofis, sai da na tsaya na gyara mayafi. Na ɗauka takardata ce ta iso.

Ashe fom ne. A samansa an rubuta, Rahoton Duba Aji. A ƙasansa kuma, Shawara: a ƙara mata shekara ɗaya ta gwaji.

Na ce, "Yallaɓai, yaushe ka shiga ajina?"

"Ga kwanan wata nan a rubuce."

"Na ga kwanan wata. Kai ne ban gani ba. Shekara biyu, ko ta taga ba ka taɓa leƙowa ba."

"Ke za ki koya mini aikina?"

"A'a. Karatu kawai zan yi."

Na ɗaga takardar na fara karanta masa da irin muryar da nake karanta wa ɗalibai tambaya.

"'Malamar ta yi amfani da allo yadda ya kamata.' Na gode, Yallaɓai. Sai dai ajina ba shi da allo tun bara. A bayan ƙofa nake rubutu."

Ya yi tsaki.

"'Amma muryarta ba ta kaiwa ƙarshen aji.' Ni? Ni da malamin ajin kusa yake aikowa a ce in rage?"

"Malama, ina da aiki a gabana."

"Saura layi ɗaya. 'Ta kasa bayyana wa ɗalibai dalilan faɗuwar daular.'" Na sauke takardar. "Yallaɓai, wace daula ce ta faɗi a ajin sinadarai?"

Sai a lokacin ya ajiye wayar. Ya dubi takardar da ke hannuna, fuskarsa ta canza, ya ƙwalla wa Sakatare kira. Bawan Allah ya shigo yana goge hannu a wando.

"Wanne ka ba ta?"

"Yallaɓai, ai injin fotokwafi ba tawada tun Alhamis. Ka ce dole yau a sa hannu, shi ne na ce bari kawai in..."

"Fita!"

Ni kuwa na riga na ji abin a yatsana. Wurin da aka rubuta sunana ya yi tudu. Wurin darasi da na kwanan wata ma haka. Farin ruwan nan ne da ake shafe rubutu da shi, an shafa, an sake shafawa, an sake, har ya yi ɓawo kamar tsohon fentin bango. Sauran rubutun kuwa tawadarsa ta tsufa, ta koma ruwan ƙasa.

Na sa farce na kankare. Gari ya zubo a kan teburinsa.

A ƙarƙashin sunana, sunan malamin lissafin da ya tafi bara. Na ƙara kankarewa. Sunan wata malamar Turanci da ban ma riske ta ba. Na ci gaba har na isa takardar kanta, inda babu sauran fari. A nan na ga sunan farko.

Sunan Anti Tarihi ne, malamar tarihin makarantarmu.

Sai na gane yadda ake yi. Rahoto ɗaya ne tal a makarantar nan. Duk wanda wa'adinsa ya cika, a shafe suna, a rubuta nasa, a buga kwafi. Kwafin injinmu kuwa kun san shi, dishi-dishi yake fitowa, sai ka kanne ido. Mutum ya sa hannu a inda aka nuna masa ya wuce. Shekara da shekaru, mai lissafi ya kasa bayyana faɗuwar daular, mai Turanci ta kasa, ni ma ga shi na kasa. A can hukumar ilimi kuma babu mahaluƙi ɗaya da ya taɓa karantawa.

Shugaba ya miƙo hannu. "Ba ni nan."

Na ninke ta biyu na sa a jaka. "Fom ɗina ne. Ga sunana a kai. Rabinsa dai."

Ya jingina da kujera, ya yi wani murmushi da har yanzu in na tuna shi sai na ji kamar in wanke ido.

"'Yata, zauna in gaya miki abin da ba a koya muku a jami'a."

"A tsaye nake jin magana."

"To ki ji. Babu wani kai tsaye. Ba a taɓa yi ba. Je ki juya bayan takardar ɗaukarki aiki ki karanta. Rahoton shugaban makaranta ne yake tabbatar da malami. Jibi Laraba, ƙarfe biyu, Sakatare zai kai fayil hukuma. Wanda yake da rahoto a ciki yana da aiki. Wanda ba shi da shi, sunansa ya fita daga jeri. Ba ni zan kore ki ba, jerin ne zai manta da ke."

"To ka shigo ajina gobe ka rubuta abin da ka gani. In ka ga ban iya ba, ka rubuta ban iya ba, ni kuma zan sa hannu."

"Ba ni da lokaci."

"Minti arba'in ne."

"Malama, gurbin dindindin biyu aka ba makarantar nan bana, kuma an riga an san masu su."

"Su wa?"

"Ba huruminki ba ne."

Ba sai ya faɗa ba. Akwai mutum biyu a jadawalinmu da ɗalibai ba su san fuskarsu ba, kuma azuzuwansu uku ni nake shiga.

Na fito ban rufe masa ƙofa ba.

*

Anti Tarihi tana ɗakin ajiye littattafai, inda take ɓuya ta yi makin jarrabawa. Ku da kuke bin labarin nan kun san matsayinta a wurina. Ita ta koya mini rubuta tsarin darasi. Ita ta riƙe mini aji ranar da zazzaɓi ya kayar da ni. Malamai da ɗalibai duk Anti muke ce mata, kuma kowa ya san tsohuwar ma'aikaciya ce, ta dindindin, wadda ba a taɓawa.

"Ƙanwata, ya aka yi? An ba ki? Kawo in sa albarka."

Na shimfiɗa takardar a kan littattafan da take dubawa.

Ta gyara gilashi. Ta karanta layin farko, ta karanta na biyu. Ba ta kai na uku ba ta cire gilashin ta ajiye.

"Ina kika samo wannan?"

"Anti, sunanki ne a ƙasa."

"Na gani."

"Me yake yi a nan?"

Ta daɗe tana kallon ƙofa. Sannan ta tashi ta tura ta da ƙafa.

"Ranar ina da cikin wata bakwai. Jiri nake gani, ko tsayuwa da ƙyar. Ya shigo ba sallama, ya zauna a baya, ya yi minti goma ya fita. Muryata ba ta kai ƙarshen aji ba, wannan gaskiya ne. Daular ma ban gama bayaninta ba, sai da na zauna." Ta yi wata 'yar dariya maras daɗi. "Shi ke nan shigarsa aji tun da na san shi. Yarinyar da nake da cikinta a lokacin, yanzu tana aji uku na firamare."

"To bayan shekarar fa? Da aka ƙara miki, sai aka tabbatar da ke?"

Ta shiga jera littattafan da ke gabanta.

"Anti?"

"Bara ma na sa hannu."

Na ƙirga shekarun a yatsa.

"Shekara tara kina gwaji?"

"Rage murya."

"Me ake gwadawa? Shekara tara, Anti! Ko ƙarfe ake gwadawa ai ya ci a ce an san ƙarfinsa!"

"Na ce ki rage murya. Ko mijina bai sani ba."

Na ja kujera na zauna. Da farko tausayi ne ya kama ni, har na miƙa hannu zan riƙe nata. Sai wani abu ya faɗo mini a rai, na janye hannun.

"Tsaya. Ranar da na fara aiki, a ɗakin nan, wa ya ce mini kai tsaye ne?"

Ta ɗauki jan biro ta fara juya shi.

"Na tambaye ki. Na ce Anti, in shekara biyu ta cika sai an cika wani abu? Kika ce, ƙanwata kwantar da hankalinki, da kanta take zuwa. Ke kika faɗa."

"Ni na faɗa."

"Kina sane?"

"Ina sane."

"Don me?"

Ta dube ni ido cikin ido, kuma babu kunya a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Kafin ki zo aji tara nake shiga. Tara. Har kimiyyar ƙananan aji ni ake turawa, ni da ban san kan kwalba ɗaya ba. Da na gaya miki gaskiya, da ba ki gama zangon farko ba. Na ga takardunki, na ga yadda kike tafiya, na san irinku ba sa zama. Ki tafi, azuzuwan su dawo kaina? Na gaji, ƙanwata. Na gaji."

"Shi ne kika ɗaure ni da ƙarya shekara biyu don ki huta."

"Ni ma haka aka yi mini."

"Malamin lissafi fa? Shi ma ke kika faɗa masa?"

"Duk wanda ya zo sabo, wurina Shugaba yake turo shi. Ya ce na iya kwantar da hankali."

Na tuna duk ranar da ta dafa kafaɗata ta ce saura kaɗan. Saura wata takwas. Saura wata uku. Ashe ita ma ƙirgawa take yi, amma ba abin da nake ƙirgawa ba.

Ta ce, "Ki sa hannu. Shekara ɗaya ce, kamar gobe. Ɗan gwaji dai yana da abin yi. Wanda ya fita jeri fa? Kina ganin masu digiri a titi."

"Ɗan gwaji ba ya neman canjin makaranta. Ba ya tafiya ƙaro karatu. Ba ya cewa a'a. Shi ya sa yake son mu a haka, ko ba haka ba?"

"Ke dai kin cika kaifin baki."

"Shi kaɗai ya rage mini."

Na ɗauke takardar. Ta riƙo gefen mayafina.

"Kar ki fita da ita daga makarantar nan. In ta isa hukuma ba shi za a taɓa ba, mu za a taɓa. Za a ce duk rahotanninmu na bogi ne, a soke mu gaba ɗaya. Mu goma sha ɗaya ne, ƙanwata."

"Goma sha ɗaya?"

"Kina ganin kowa da jakarsa da gilashinsa, kin ɗauka..."

Na zare mayafina a hankali. "Kar ki ƙara ce mini ƙanwata."

*

Da la'asar na isa gida. Ban ko cire takalmi ba na jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado, na fito da takardar ɗaukata aiki, na juya bayanta.

Yana nan. Ƙananan rubutu, layi na bakwai. Ba a tabbatar da ma'aikaci sai da rahoton shugabansa. Ni da nake kama ɗalibi da laifin rashin karanta tambaya har ƙarshe. Ni da nake taƙama babu takardar da ke wuce ni. Murnar gaban takardar ta hana ni juya ta, na kuma yarda da baki don bakin ya yi mini daɗi. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Umma ta shigo da kwanon abinci, ta tsaya a kaina.

"Auta, ina takardar? Tun azahar maƙwabta suke leƙowa. Kawunki ma ya kira sau biyu."

"Umma, wa ya ce ki faɗa musu?"

"Au, abin ɓoyo ne? Ke kika ce Litinin."

Na zaunar da ita na ba ta labari daga farko. Da na zo kan daular da ta faɗi, sai da ta yi dariya har da riƙe ciki. Da na zo kan Laraba ƙarfe biyu, dariyar ta ɗauke.

"To yanzu me kika yanke?"

"Ba zan sa ba."

"In kin sa, me zai ragu a jikinki?"

"Umma, takardar cewa take ban iya aikina ba. In na sa hannu, na ce gaskiya ne."

"Wa zai karanta? Ke da bakinki kika ce ba mai karantawa."

"Ni na karanta."

Ta girgiza kai. "Wannan taurin kan na ubanki ne, Allah ya ji ƙansa. Shi ma haka ya yi ta yi, ba zan yi ba, ba zan yi ba, har ya tafi ya bar ni da ku da keken ɗinki. Auta, ni na san abin da ba zan yi ba take haifarwa. Ni na yi renon abin da ta haifa."

"Shekara ɗaya aka ce wa Anti ma. Yau tara."

"To ba ga shi tana ci tana sha ba? 'Ya'yanta suna makaranta?"

"Tana ɓoye wa mijinta. Tana yi wa sababbi ƙarya don ta samu ta numfasa. Haka kike so in koma?"

Ta tura mini kwanon, ta tashi. A bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ni dai ban san me zan ce wa kawunki ba."

*

Talata na je aiki kamar kullum. Kafin ƙararrawar farko na rubuta wa Shugaba takarda, layi uku, ina gayyatarsa ya duba ajina a duk darasin da ya ga dama. Na ba Sakatare na ce ya buga mini hatimin karɓa. Ya buga yana waige-waige kamar ɓarawo.

Na ɗauki kujera ɗaya daga ɗakin malamai, na riƙa yawo da ita aji zuwa aji, ina ajiyewa a baya.

'Yan ajin ƙarshe, masu shirin babbar jarrabawa nan da sati shida, su ne ba sa iya yin shiru. Wata a gaba ta ɗaga hannu.

"Malama, kujerar wa ce?"

"Ta mai duba aji."

"Yaushe zai zo?"

"A rubuce dai ya riga ya zo. Ku buɗe shafi na sittin."

Darasi shida na yi. Ban taɓa koyarwa da kyau kamar ranar ba, kuma kujerar ba wanda ya zauna a kanta sai ƙuda.

A ɗakin malamai kuwa, ina shiga aka yi tsit. Wanda ke shan shayi ya maida hankali kan kofinsa. Wadda muke raba tebur da ita ta kwashe littattafanta ta koma can gefe. Labari ya zaga, kuma na san bakin da ya zaga da shi. Na riƙa kallonsu ɗaya bayan ɗaya ina cewa a raina, kai ma ka kasa bayyana faɗuwar daular? Ke ma?

Na tari wakilin ƙungiyar malamai a baranda. Mutumin da in ana taro ya fi kowa buga tebur.

"Ranka ya daɗe, ina da ƙorafi."

"Na ji, na ji, Malama. Abin ba daɗi. Sai dai ƙungiya ta malaman dindindin ce. In an tabbatar da ke, ki zo mu yi yaƙin tare."

"Ai tabbatarwar ce aka hana ni."

"To kin gani. Shi ya sa na ce ki fara samunta."

Ya wuce yana gyara hula. Na bi shi da kallo, na rasa ma tsakin da zan yi.

*

Laraba, ƙarfe ɗaya da rabi, ina tsakiyar darasi Sakatare ya leƙo. Bai iya haɗa ido da ni ba.

"Malama, ana kira."

"In gama."

"Gara ki zo yanzu. Kina da baƙuwa."

Takalman na fara gani a ƙofar ofis. An cire su an jera a gefe. Babu mai cire takalmi a ƙofar ofishin nan. Kuma na san takalman, ni na saya.

Na tura ƙofa.

Umma ce. Ta sa kayanta na fita unguwa, waɗanda take ajiyewa a ƙasan akwati. Ga kujeru biyu babu kowa a kai, amma ita tana ƙasa, ta durƙusa a gaban teburinsa, da gwiwoyin da ko sallah a zaune take yi saboda su.

Shi kuwa yana kan kujerarsa yana juyawa hagu da dama.

"Yawwa, Malama, shigo. Na ga lambar Mama a fayil ɗinki, na ce bari manya su shiga maganar. Kin ga yaran yanzu, Mama, ilimi ya yi musu yawa."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Yarinya ce. A yi mata haƙuri."

"Umma, tashi."

"Auta, ki ba shi haƙuri."

"Umma, don Allah tashi. Ga kujera."

"Ni na ce ta zauna, ita ta ƙi," in ji shi.

"Ka kira uwata? A kan takardar da kai ka san ƙarya ce, ka ɗaga waya ka kira uwata?"

"Kin ji ko, Mama? Kin ji yadda take magana da na gaba da ita?"

Ya jawo aljihun tebur ya fito da wani fom. Sabo fil, an sa wa injin tawada. Na hango layin daular daga inda nake, ko canza shi bai yi ba. Ya ɗora biro a kai, ya turo gabana, ya dubi agogon bango.

"Saura minti ashirin. Ki sa hannu a nan, ki dawo mini da waccan tsohuwar takardar, mu manta komai ya faru. Saboda darajar Mama. Har ma zan duba maganar allon ajinki."

Umma ta kamo ƙafata.

"Auta, ban taɓa roƙonki komai ba. Ki sa. Ni na ce ki sa. In laifi ne, a kaina."

Jama'a, na sha jin ana cewa zuciya ta rabu biyu, ban san gaske ba ne sai ranar. Na dubi biron. Na dubi saman kan Umma, inda mayafinta ya zame furfura ta fito. Na ga kaina shekara tara nan gaba a ɗakin ajiye littattafai, ina dafa kafaɗar wata sabuwar yarinya ina ce mata, kwantar da hankalinki, da kanta take zuwa.

Na sunkuya na sa hannu biyu na ɗaga Umma tsaye.

"Yallaɓai, ka shiga ajina ka rubuta abin da ka gani, in sa hannu. Ban da wannan, ba zan sa ba."

Ya ɗauke fom ɗin a hankali, ya yayyaga shi huɗu, ya zuba a kwando.

"Sakatare! Ɗauki fayil ka tafi. Mutum goma sha ɗaya ne, ka ƙirga." Ya juyo gare ni. "Daga gobe mai gadi ba zai buɗe miki ba. Takardar shaidar aiki kuwa, kin san hannun da ke sa mata hannu. Waccan da ke jakarki kuma, ki kai ta duk inda kike so. Amma ki fara zagaya ɗakin malamai ki dubi fuskokin waɗanda za ki tafi da su."

Umma ta zare hannunta daga nawa. Ba da ƙarfi ba. Ta gyara mayafi, ta ce masa, "Mun gode, ranka ya daɗe," ta fita. Na biyo ta na durƙusa zan sa mata takalmi, ta janye ƙafa ta sa da kanta.

"Umma."

Ba ta juyo ba.

Sakatare ya wuce ta gabana da fayil a hammata. Ƙarfe biyu ta buga.

Ga abin da a'a ɗina ya ci, in faɗa muku ba ado. Aikina ya tafi. Shekara biyuna sun tafi, ko layi ɗaya ba ni da shi da zai nuna na yi su. 'Yan ajin ƙarshe za su shiga jarrabawa ba malami. Uwata kuma, wadda ba ta taɓa kwana da fushina ba, ga ta can tana ɗingishi zuwa bakin titi ita kaɗai, ta ƙi ko waiwayowa.

Ina tsaye a wurin sai na ji an taɓa jakata ta baya.

Na juya. Anti Tarihi ce, da mutum goma a bayanta, sun cika baranda.

"Malama," ta ce, "ba mu takardar."